Ramin Jini a Dajin Gombak

Ranar da ɗana Rayyan ya shigo gida riƙe da wasu dogayen takalman roba, warin laka da ruɓaɓɓen ganye na bin sa, gabana ya faɗi. Na gaya wa mahaifiyarsa Sauda cewa aikin nan ba zai ƙare da alheri ba. Ta ce, "Malam, kai kullum cikin fargaba kake. Ko atishawa yaro ya yi sai ka ce korona ce." Amma idan kaza ta daina tono ta ɗaga kai sama, ba banza ba.

Sunana Datti. Na daɗe a Kuala Lumpur, ina sayen yadi da mayafai a titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman ina aikawa Kano. Rayyan yana ɗan ƙarami muka zo da shi. A nan ya yi makaranta, a nan ya koyi salla, Malay ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Da annoba ta zo aka rufe kwalejinsu, kasuwata ma ta tsaya cak. Bayan an ɗan sassauta kulle sai Alhaji Maitama, mai sayar da kilishi da kayan miya a unguwar Chow Kit, ya samo masa aiki wajen wani Bamalaye da ake kira Encik Razlan.

Encik Razlan shagon kayan farauta gare shi, amma ba shagon ne sana'arsa ta gaskiya ba. Masu kuɗin birni da zaman gida ya gundura yake kwasa a mota, ya kai su dajin da ke bayan Gombak. Shi zai ba su bindiga mai madubi, shi zai ba su takalmi, ya zaunar da su inda ya riga ya ajiye dunƙulen gishiri ya ɗaura kyamara a bishiya. Dabba ta zo lasa, mutum ya harbe ta yana zaune, a ɗauke shi hoto. Rayyan ke ɗaukar musu kaya.

*

Alhaji Maitama ne ya buga mini waya da hantsi.

"Datti, kana zaune ko kana tsaye?"

"Lafiya, Alhaji?"

"Ka zauna tukuna."

Ya ce wani tsohon maharbi ne, Pak Uda, daga ƙauyen Orang Asli da ke bakin dajin, mutanen da suke wurin tun kafin a gina birnin. Jiya da sassafe aka tsince shi a daji da harsashi a cinya. Jini ya zuba da yawa, yana asibiti bai san inda kansa yake ba. Wata mata mai tonon tohon gora ta ce ta hango baƙin mutum da takunkumi a fuska da dogayen takalma, yana gudu wajen titi, da abu a kafaɗa. Baƙin mutum ɗaya ne mutanen ƙauyen suka sani a dajin nan, shi ne Rayyan.

"Mai garin nasu, Tok Batin, ya ce a kawo masa yaron kafin ƙarshen mako, in ba haka ba ya ba 'yan sanda sunansa," in ji Maitama. "Shawarata, ka kawo shi ɗakin ajiyata ya ɓuya har ƙura ta lafa. Ba mai shiga can."

Na yi masa godiya. A lokacin na ɗauka ƙauna ce.

*

Na sami Rayyan a ɗaki, ya juya fuska ga bango.

"Ina kake jiya da asuba?"

"Work lah, Abba."

"Da Hausa na tambaye ka."

Ya tashi zaune. "Oga ya tura ni ɗaya gefen dajin in canja batirin kyamara. Ni kaɗai."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Takalmanka fa?"

"A motar oga. Kowa a nan yake barin nasa. Jiya da silifas na je."

"Su wa aka kai daji jiya?"

Ya kalli ƙasa. Na maimaita. Sai ya ce Razlan ya gaya masa idan ya buɗe baki zai sanar da hukuma cewa yana aiki da bizar ɗalibi, a kora mu gaba ɗaya. Na tambaye shi ko shi ya yi harbin. Ya ce a'a. Na dubi idonsa na rasa abin da zan karanta a ciki. Ɗana ne, amma rabin zuciyarsa da wani harshe take magana.

*

A benenmu da ke unguwar Danau Kota akwai wani dattijo, Baba Kalilu. Ya zo ganin 'yarsa Sharifa da ta haihu, aka rufe iyakoki, ya maƙale. Daga gidan maharba ya fito, can wajen Falgore, kuma bin sawu shi ne aikinsa tun yana saurayi: ɓarayin shanu, yaran da suka ɓata, dabbar da aka harba ta gudu. Kullum yana baranda yana kallon tsaunukan da ke bayan birni kamar wanda aka ɗaure.

Na durƙusa na gaya masa komai. Ya saurara yana murza gemu.

"An yi ruwa tun jiya?"

"Yayyafi kawai, Baba."

"To ƙasa ba ta manta ba tukuna. Amma Datti, ka ji ni da kyau. Ni abin da ƙasa ta faɗa nake faɗa. Idan ta kira sunan ɗanka, ba zan rufe mata baki ba. Ka yarda?"

Na ce na yarda.

Sharifa ta biyo mu bakin ƙofa da takunkumi a hannu. "Baba, don Allah ka sa shi yadda ya kamata, ba a haɓa ba."

"Ke, ta ina zan ji warin daji?"

*

Da muka isa ƙauyen, mata suka janye 'ya'yansu cikin gida. Ba wanda ya ce mu zauna. Tok Batin ya fito, ɗan gajeren tsoho mai farin gashi, ya tsaya nesa da mu. Da Malay ɗina na kasuwa na yi tafinta.

Baba Kalilu bai fara da maganar harbin ba. Ya nuna wani dogon bututun gora da ke jingine a bango, ya tambaya ko da shi suke hura kibiya. Tok Batin ya ce i. Baba ya ɗaga rigarsa ya nuna tabon hauren gadu a haƙarƙarinsa. Tsohon ya matso ya duba, ya girgiza kai, ya ja wandonsa ya nuna nasa a ƙauri. Daga nan aka kawo mana benci.

Tok Batin ya ce a da mutum zai fita da safe ya dawo da abin da gidansa zai ci. Tun da motar Razlan ta fara zuwa, gishiri ya janye dabbobi gefe guda, bindiga ta cinye manya da ƙanana har da masu ciki. Ga kulle, ba mai zuwa sayen gora ko zuma. Tarkunansu sun zama wofi. Samarin ƙauyen da ya kamata su koyi daji wajen iyayensu sun koma 'yan dakon Razlan. Pak Uda kaɗai ya ƙi haƙura. Duk inda ya ga dunƙulen gishiri sai ya jefa shi a rafi, duk kyamarar da ya gani sai ya shafe mata ido da laka.

"Wa ya fi jin haushin hakan?" in ji Baba.

Wata mata daga taga ta yi magana da ƙarfi, tana nuna wani saurayi da ke tsugune a gindin bishiya. Atan ne, ɗan ƙanwar Pak Uda, shi ke nuna wa Razlan hanya a daji. Makon jiya sun yi faɗa da kawun nasa a gaban kowa, har tsohon ya ce ya sayar da dajin kakanninsa don taba da wayar hannu.

Raina ya yi fari. Allah ya gafarta mini, na so a ce shi ne.

Baba ya je ya tsuguna gaban Atan. Bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba. Faffaɗa ne, yatsu a warwatse. Ya ce in tambaye shi wa ya ɗauko Pak Uda daga daji.

"Ni ne," in ji Atan. "A bayana." Ya juya ya nuna rigar, har yanzu ba a wanke ta ba.

"To shi zai kai mu wurin," in ji Baba.

*

Dajin nan ba irin namu ba ne. Rana ba ta taɓa ƙasa sai a inda bishiya ta faɗi, matsattsaku na hawa ƙafa, wani ƙwaro na kuka kamar injin niƙa. Muka isa wani ɗan fili a gefen rafi. Ga dunƙulen gishiri a kan kututture, rabi a lashe.

Baba ya ce mu tsaya a baya. Ya shiga shi kaɗai yana tafiya a hankali, hannuwa a baya. Ya tsaya, ya koma, ya tsuguna, ya shinshina ganye. Can ya yafito ni.

"Mutum uku suka zauna a bayan gorar can. Biyu sun tafi ta hanyar mota a gaggauce. Na ukun ya tsaya." Ya nuna sawun takalmi a laka, da wata 'yar tsaga a diddige. "Ka san wannan?"

Na sani. Ni na ga Rayyan yana ƙoƙarin like ta da gam a baranda.

"Kada ka karaya tukuna," in ji Baba. "Takalmi ba ƙafa ba ne. Zo nan."

Ya kai ni inda ciyawa ta kwanta. Harbi biyu aka yi, in ji shi. Na farko ya sami dabba, irin gadar nan da suke kira kijang. Na biyu ya bi motsi a cikin gora, ya sami tsohon da ya zo jefar da gishiri. Biyun nan suka gudu. Na ukun ya tsaya, ba don ya taimaki mutum ba. Dabbar ba ta mutu ba tukuna, ya ji tsoron kada ta zama mushe, ya yanka ta ya saɓa a kafaɗa.

"Ga inda ya kwantar da ita. Ga shurin ƙafafunta. Ga gwiwarsa ta hagu, ta daman ya miƙar da ita gefe, ba ta lanƙwasuwa sosai. Ga kuma ramin da ya haƙa wa jini." Ya ɗago ya dube ni. "Datti, ina alƙibla a nan?"

Ba tare da tunani ba na ɗaga hannu na nuna inda hasken safiya ke shigowa ta cikin ganye. Hannun na sama na tuna. A ƙasar nan Makka tana bayan mutum idan ya fuskanci fitowar rana. Yamma ake kallo. A ɗaki akwai kibiya a silin, a masallaci akwai sahu, shi ya sa ban taɓa yin kuskure ba. Amma a daji, jikina ya koma Kano.

"Ka gani?" in ji Baba a hankali. "Ni ma satin farko sai da Sharifa ta riƙa juya ni kamar tunkiya. Wuyan dabbar nan gabas ya kalla. Ba Bamalayen da zai yi haka ko da barci yake. Mutanen Atan kuwa ba ruwansu da alƙibla. Wanda ya yi yankan nan ɗan gida ne."

Na zo in wanke ɗana, ga shi ƙasa ta ce Bahaushe ne.

"Sauran tambaya ɗaya," in ji Baba. "Wane ɗan gidan? Ka samo akuya. Ka gaya wa Alhaji Maitama, a matsayinsa na babba a cikinku, za mu kai wa ƙauyen nan ban-haƙuri ranar Asabar da safe. Tok Batin zai kira mai motar. Ka zo da yaron. Kuma Datti, idan ka gaya masa ko da kalma ɗaya, na cire hannuna."

*

Ranar Juma'a muna cin abinci, Rayyan na juya cokali a cikin shinkafa bai kai baki ba. Sauda na cewa, "Makan, ɗan nan, ci." Ni kuwa ina ta lissafi a zuci. Ban taɓa yanka dabba a gabansa ba, layya a surau, ƙaramin masallacin unguwa, ake yi mana tare da maƙwabta. Amma sau nawa ya ji ni ina cewa na fuskanci gabas? Sau biyu na kai shi Kano hutu, ya ga kakansa yana yanka rago a tsakar gida. Me ya shiga jikinsa a can?

Kalma huɗu kawai nake bukata. Ba wa rana baya. Na buɗe baki.

"Abba?" in ji Rayyan.

"Miƙo mini ruwa," na ce.

*

Asabar da safe muka taru a filin da ke bayan ƙauyen, kowa da takunkumi, an ba juna tazara. Tok Batin da mutanensa a gefe guda. Encik Razlan ya jingina da motarsa, yana duba agogo. Alhaji Maitama ya zo cikin shadda, yana ɗingishinsa na kullum, yana ta ba ni baki. "Da ka ji shawarata, Datti, da ba a kawo nan ba."

Rana ta hau kan bishiyoyi, tana dukan filin daga gefe guda.

Baba Kalilu ya miƙa wa Rayyan igiyar akuya. "Yaro, kwantar mana da ita, Alhaji zai yanka."

Rayyan ya dube ni. Na kawar da kai. Na ji kukan akuya, na ji faɗuwarta. Da na waiwayo, yana tsugune, ya danne ta a kan haƙarƙarinta na hagu. Inuwarsa ta miƙe a gabansa, a kan wuyan akuyar. Rana na bayansa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Maitama ya karɓi wuƙa ya tsaya a kansu. Ya ja tsaki.

"Kai, yaran ƙasar nan! An haife ku a Musulunci ko alƙibla ba ku sani ba. Matsa."

Ya kama ƙafafun akuyar ya ja ta ya juya, har wuyanta ya kalli rana. Ya caka wuƙa a ƙasa ya haƙa ɗan rami. Ya sauke gwiwar hagu, ya miƙar da ta dama gefe yana nishi.

Atan ne ya fara tasowa, idonsa a kan miƙaƙƙiyar ƙafar nan.

"Dakata, Alhaji," in ji Baba Kalilu. "Yaron daidai ya kwantar da ita. Kai ne ka juya ta Kano. Haka ka juya kijang ɗin ma a bakin rafi. Ramin yana can, shatin gwiwarka yana can, ruwa bai wanke su ba. Mu je ka sa gwiwar a ciki mu gani."

"Baba, wace irin magana ce wannan? Ni da nake..."

"Takalmin yaron ya yi maka yawa, diddigenka na zamewa a ciki. Mutum na kwance yana zubar da jini kusa da kai, kai kana tsoron kada nama ya haramta."

Wuƙar ta faɗi daga hannun Maitama. Ya dubi Razlan. Razlan ya buɗe ƙofar mota, amma samarin ƙauyen, waɗanda har jiya suke ɗaukar masa kaya, sun riga sun tsaya a kan hanya.

"Ba ni na yi harbin ba," in ji Maitama. "Wallahi ba ni ba ne. Ni nama kawai nake karɓa, masu kuɗin hoto suke so, ba nama ba. Baƙon da aka kawo ne, ya ji motsi ya saki wuta. Na ɗauka tsohon ya riga ya mutu."

"Ashe da naman nan kake yin kilishin da muke ci," na ce. "Kuma ka ce in ɓoye ɗana a ɗakinka."

Na gane a lokacin: da Rayyan ya ɓuya, da kowa ya ce ya gudu ne, da magana ta ƙare a kansa.

Tok Batin ya sa aka kira 'yan sanda. Kafin su iso ya zo ya tsaya gaban Rayyan, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce masa ya tafi gida, kada ya sake shigowa dajin nan. Akuyar ta miƙe ta koma cin ciyawa. Ba a yanka ta ba.

*

Sunan ɗana bai shiga cikin waɗanda ake zargi ba. An kira shi an yi masa tambayoyi an sallame shi. Da aka buɗe kwaleji ya koma, bai ƙara taɓa takalmin roba ba. Shagon Razlan a rufe yake, amma Atan ya gaya mini kwanan baya cewa ya sake ganin dunƙulen gishiri a wani kwari, sabo, da sawun wata motar daban. Pak Uda ya farfaɗo. Ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa zuwa daji ba. Da aka tambaye shi wa ya gani, ya ce takunkumi uku ya gani.

Baba Kalilu ya koma gida da aka buɗe hanya. A filin jirgi na tambaye shi ko ƙasa ta gaya masa wanda ya yi harbin. Ya ce ƙasa ƙafa take gani, ba ta ganin yatsa.

Maitama ya ce baƙon bai cire takunkumi ba, bai faɗi suna ba. Razlan ya ce ba baƙon da ya kai ranar. Rayyan ne yake buɗe wa baƙi ƙofar mota kowace safiya kafin a tashi, kuma duk lokacin da na kawo maganar sai ya amsa mini da Malay ya tashi.

Har yau ban san wanda ya ja kunamar bindigar nan ba. Ban kuma sani ba ko ɗana ya sani.